Yadda Bernini Yake Fitar da Mutum Daga Cikin Dutse

A gidan tarihi na Galleria Borghese da ke birnin Roma akwai wani mutum-mutumi na farin dutsen mabul da aka sassaƙa tsakanin 1621 da 1622. Pluto ne na tatsuniyoyin Romawan dā, ya sungumi wata budurwa mai suna Proserpina, ita kuma tana ta fizge-fizgen ƙwatar kanta. Inda yatsunsa suka damƙe ta, naman jikinta ya lotsa. Hawaye na gangara a kumatunta. Duk wanda ya tsaya a gaban aikin sai ya tuna wa kansa cewa dutse yake kallo. Wanda ya sassaƙa shi, Gian Lorenzo Bernini, bai wuce shekara 23 ba a lokacin.

An haifi Bernini a Napoli a 1598, ya mutu a Roma a 1680. Sassaƙa gado ce a wurinsa, domin mahaifinsa Pietro ita ce sana'arsa. Ya yi wa fafaroma takwas aiki, kuma shi ne jigon salon da ake kira Barok, salon ƙarni na 17 mai son motsi da tashin zuciya, inda ake so mai kallo ya ji kamar abin yana faruwa a gabansa yanzu-yanzu.

Kafin mu bi matakan aikinsa, akwai doka guda da ke mulkin wannan sana'a. Dutse ba ya karɓar gyara. Mai zane yana iya shafe kuskurensa ya sake, magini yana iya ƙara ƙasa, amma masassaƙin dutse ragewa kawai yake yi, kuma abin da ya sare ya tafi ke nan. Duk tsarin da Bernini ya bi an gina shi ne a kan wannan: a gama shawara, a gama gwaji, a gama kuskure a kan abu mai arha, kafin ƙarfe ya taɓa dutse.

Mataki na farko: sanin mai aiki da sanin wuri

Ba a sassaƙa irin waɗannan ayyuka a kai kasuwa. Sai an sami mai so, fafaroma ko kadinal ko sarki, ya faɗi abin da yake buƙata, a daidaita kan farashi da wa'adi, ya ba da kafin alƙalami. Wanda ya fara ɗaukar nauyin Bernini sosai shi ne Kadinal Scipione Borghese, ɗan 'yar'uwar Fafaroma Paul na Biyar, kuma a gidansa, wato Galleria Borghese, manyan ayyukan ƙuruciyar Bernini suke har yau.

Da an ƙulla magana, Bernini yakan fara da duba inda aikin zai zauna. Ta wace ƙofa mutane za su shigo? Daga wane ɓangare rana take leƙowa? Za a ɗaga kai ne a kalle shi, ko ido da ido? Amsoshin nan su suke yanke yadda jiki zai karkata da inda fuska za ta dosa. Mutum-mutumin Apollo da Daphne na tatsuniyoyin Girkawan dā, wanda ya yi tsakanin 1622 da 1625, a jikin bango aka fara ajiye shi. Mai shigowa ɗakin bayan Apollo yake fara gani yana gudu, sai ya taka 'yan sawu sannan ya ga wadda ake kora, ya ga kuma jikinta ya fara rikiɗa zuwa bishiya. Labarin yana buɗewa ne da tafiyar mai kallo, kuma an lissafa hakan tun dutsen yana jikin tsauni.

Mataki na biyu: kallo da zane

Daga nan sai takarda. Bernini yakan yi zane-zane da yawa da alli ja ko baƙi, cikin sauri, yana neman yadda jiki zai tsaya. Idan kuwa siffar wani mai rai zai yi, to ba ya son a zauna masa ƙiƙam kamar gawa. A 1665 Sarki Louis na 14 na Faransa ya gayyace shi Paris, inda ya sassaƙa siffarsa. Wani bafade mai suna Paul Fréart de Chantelou, wanda aka haɗa su don ya riƙa yi masa rakiya, ya rubuta abin da ke faruwa kullum, shi ya sa muka san yadda aikin ya gudana. Bernini ya riƙa bin sarkin yana zana shi a zaman majalisa da wurin wasa, yana lura da yadda yake juya wuya da yadda yake kallon mutane. Da ya tashi fara sassaƙa sai ya ajiye zanen gefe, domin a cewarsa ya yi su ne don kamannin sarkin su zauna masa a kai, ba don ya kwafe su ba.

Yana kuma da ra'ayi kan lokacin da ya fi dacewa a kama fuskar mutum: daidai sa'ad da zai buɗe baki ya yi magana, ko sa'ad da ya rufe bakin ke nan. Shi ya sa siffar Kadinal Borghese da ya sassaƙa take da leɓɓa a ɗan buɗe, kai ya ɗan juya, kamar an kira sunansa ya waiwayo zai amsa.

Idan mai siffar yana nesa, sai a yi dabara. Sarki Charles na Ɗaya na Ingila bai je Roma ba. Mai zane Anthony van Dyck ne ya zana kan sarkin ta fuska uku a allo guda, gaba da gefe da karkace, aka aika wa Bernini, ya sassaƙa daga nan. Wannan aikin ya ƙone a gobarar fadar Whitehall a 1698, amma zanen van Dyck yana nan.

Mataki na uku: yumɓu da kakin zuma

Nan ne zuciyar aikin. Takarda fuska ɗaya gare ta, mutum-mutumi kuwa ana zagaya shi, don haka dole a gwada shi da abu mai jiki. Bernini yakan ɗebi yumɓu ya gina ƙaramin samfuri wanda yawanci bai kai kamu ɗaya ba. Da yatsu yake yi, da ɗan tsinke, da wani ƙarfe mai haƙora. Ya murɗa ƙugu, ya ɗaga hannu, ya ja riga ta tashi kamar iska ta ɗebe ta. In bai yi masa ba, ya ajiye ya ɗebi wani yumɓun. Wani mai zane Bajamushe, Joachim von Sandrart, ya ba da labarin cewa ya ga ƙananan samfura 22 na kakin zuma a ɗakin aikinsa, dukkansu na mutum-mutumi guda ne, wato na waliyyin Kiristoci Longinus da ke cikin cocin San Pietro na Vatikan.

Da yawa daga samfuran yumɓun an gasa su, sun kai zamaninmu. Gidan tarihi na Jami'ar Harvard a Amurka yana da tarinsu. Wanda ya duba su kusa zai ga gurbin babban yatsa inda aka danna don fitar da ninkin riga, da layukan da ƙarfe mai haƙora ya bari a fiffiken mala'ika, har da zanen yatsu da ya bushe a jikin yumɓun. Bayan wasu ko gyara shi ba a yi ba, domin abin da ake nema a gaba yake. Waɗannan ba kayan ado ba ne, tunani ne da aka yi da hannu.

In an tsayar da samfuri guda, sai a yi wani babba mai cikakken bayani, wanda za a nuna wa mai aiki ya amince, kuma daga jikinsa za a ɗauki awo. A manyan ayyuka har samfuri mai girman aikin kansa ake yi, da yumɓu da ciyawa a kan ƙarafa, a kai shi wurin a girke, a ja da baya a duba. Wasu irin waɗannan na mala'iku, da aka yi don aikin tagulla na kujerar San Pietro, suna ajiye a gidan tarihi na Vatikan.

Mataki na huɗu: zaɓen dutse

Farin mabul mafi daraja daga Carrara yake zuwa, a tsaunukan arewa maso yammacin yankin Toskana. A wancan zamani da guduma da ƙarafa ake tsaga shi daga jikin tsauni. Sai a ɗora shi kan katakai, a ɗaure da manyan igiyoyi, a riƙa sassauta igiyar yana gangarowa kaɗan-kaɗan. A ƙasa bijimai su ja shi a amalanke zuwa gaɓar teku, jirgin ruwa ya kai shi bakin kogin Tiber, a haura da shi Roma. Dutsen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kowanne mita ɗaya ne yana kai nauyin tan 2.7, don haka kuɗin dako kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Masassaƙi yakan jiƙa dutsen da ruwa don jijiyoyi da tabo su bayyana, ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya saurara. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsabta, mai tsaga a ciki kuwa muryarsa a dushe take. Duk da haka wani aibin ba ya fitowa sai an yi nisa. A 1632 Bernini yana dab da gama siffar Kadinal Borghese sai tsaga ta bayyana ta ratsa goshin. Bai tsaya lallaɓa ta ba. Ya sa aka kawo wani dutsen ya sake aikin daga farko, kuma Filippo Baldinucci, wanda ya wallafa tarihinsa a 1682, ya ce a dare 15 ya gama. Dukkan biyun suna Galleria Borghese yau, ana ganin tsagar a goshin na farko.

Mataki na biyar: awo da saran farko

Yanzu an kafa dutse a ɗakin aiki, samfuri yana gefe. Da babban kamfas da igiya mai darma a baki ake ɗaukar awo daga samfurin, a ninka shi gwargwadon girman da ake so, a sa alama a jikin dutse. Ana fara nemo wuraren da suka fi fitowa waje, kamar ƙarshen hanci da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, domin daga su ake auna sauran.

Sai a ɗauko ƙarfe mai tsini guda, wanda Italiyawa ke kira subbia, a riƙa bugunsa da guduma ana ɓantare manyan ɓarayi. Yawanci almajirai da ma'aikata ne suke wannan, amma ba aikin ganganci ba ne. Idan aka kafa tsinin a miƙe aka buga, dutsen yakan ƙuje a ciki, ya bar farin tabo da zai fito daga baya a kan kumatu ko kafaɗa. Don haka a karkace ake riƙe shi, kuma akan bar ɗan kauri ko'ina a kan awon gaskiya. Ƙarafan suna dakushewa da wuri, shi ya sa ɗakin sassaƙa ba ya rabuwa da maƙeri mai koɗa baki.

Mataki na shida: fitar da siffa

Da jiki ya fara bayyana sai a koma kan ƙarfe mai haƙora, gradina. Shi yake share ƙullutun da tsini ya bari, yana barin ƙananan layuka a jere waɗanda suke bin lanƙwasar tsoka. Bayansa sai mai baki shimfiɗaɗɗe da mai baki zagayayye, su suke yanka gefen leɓe da fatar ido da ninkin tufa. A nan maigida da kansa yake karɓar aiki. Baldinucci ya ce Bernini yakan yi awa bakwai yana sara ba hutawa, hankalinsa ya tafi har sai an tsayar da yaro kusa da shi kada ya faɗo daga kan dandamali.

A wannan mataki ne babbar matsalar farin dutse take tasowa, wato rashin launi. Bernini ya bayyana wa Chantelou cewa da mutum zai shafe gashinsa da girarsa da leɓɓansa da fari, har ƙwayar idonsa, da waɗanda suke ganinsa kullum ma da ƙyar za su gane shi. To masassaƙi da fari kawai yake aiki. Maganin abin shi ne inuwa. Inda fata take da duhu, kamar ƙarƙashin ido, sai a ƙara zurfafa wurin fiye da yadda yake a fuskar mai ita, inuwar da za ta kwanta a ciki ta tsaya a madadin launi. Wato wani lokaci sai an kauce wa awon gaskiya kafin a sami kamannin gaskiya. Ƙwayar ido kuwa ita ce kusan ta ƙarshe. A siffar Sarki Louis, da baƙin alli ya fara sa alamarta, ya duba inda kallon ya dosa, sannan ya yanka.

Mataki na bakwai: huji

Akwai wuraren da guduma ba ta isa ta shiga ba, domin bugu ɗaya zai karya su: tsakanin yatsu, cikin nannaɗen gashi, bayan ganye. Nan abin huji yake aiki. Ƙarfe ne siriri da ake juyawa da igiya ko da baka, wani lokaci mutum biyu ne a kansa, ɗaya yana saita baki, ɗaya yana jan igiyar. Ana jera ƙananan ramuka kusa da juna, sannan a cire abin da ya rage a tsakaninsu a hankali.

Wanda yake son ganin iyakar wannan fasaha ya dubi hannuwan Daphne. A tatsuniyar, Apollo ya biyo ta, ta roƙi a cece ta, sai ta zama bishiya. Bernini ya kama daidai lokacin rikiɗar. Yatsun hannunta sun tsiro da rassa, ganyaye sun fito sirara har haske yana ratsa wasunsu, ɓawon itace ya naɗe ƙafarta, saiwoyi sun fita daga yatsun ƙafa sun kama ƙasa. Don kada girgizar aiki ta karya su, akan bar 'yan ƙananan gadoji na dutse tsakanin yatsa da yatsa, ko ganye da ganye, sai an gama komai a yanke su.

Adalci ne a ambaci wanda ya yi yawancin wannan aiki mai laushi. Sunansa Giuliano Finelli, saurayi ne daga yankin Carrara da ke aiki a ƙarƙashin Bernini. Yabo ya tafi wurin maigida, Finelli ya ji an tauye shi, bayan 'yan shekaru ya bar ɗakin aikin ya kama gabansa.

Mataki na takwas: guga

Bayan ƙarafa sai magagari iri-iri, manya da ƙanana, masu lanƙwasa don shiga lungu. Daga nan a goge da yashi da ruwa, sannan da dutsen nan mara nauyi irin na goge kaushi, a ƙare da gari mai laushi da tsumma har fata ta ɗauki sheƙi.

Sirrin Bernini a nan shi ne ba ya goge ko'ina daidai wa daida. Fatar budurwa sumul take, ta namiji an ɗan rage mata sheƙi, gashi an bar shi da sawun ƙarfe, ɓawon bishiya kuwa da kaushinsa. Ido yana ganin bambancin sai ya yarda cewa abubuwa daban-daban ne, alhali dutse guda ne. Mutum-mutumin Longinus, wanda tsawonsa ya haura mita 4 kuma aka gama shi a 1638, bai goge shi ba ma. Ya bar layukan ƙarfe mai haƙora a jikinsa da gangan, domin a cikin babban coci daga nesa ake kallonsa, kuma layukan suna riƙe haske maimakon su watsar da shi.

Mataki na tara: girkawa da haske

Aiki bai ƙare ba sai ya hau mazauninsa. Misali mafi kyau shi ne ɗakin ibadar iyalin Cornaro a cocin Santa Maria della Vittoria, wanda ya yi tsakanin 1647 da 1652. A tsakiya waliyyiyar Kiristoci Teresa 'yar Avila ce a kishingiɗe kan gajimare, mala'ika na tsaye da kibiya. Bernini ya ɓoye taga a sama inda mai kallo ba zai gan ta ba, hasken rana ya sauko ta kan wasu sanduna masu ruwan zinare ya faɗa kan farin dutsen. A bango dama da hagu ya sassaƙa mazan iyalin Cornaro suna leƙowa, wasu suna tattaunawa. Gini da sassaƙa da launin duwatsu da haske duk sun zama aiki ɗaya, kuma wannan haɗin shi ne abin da aka fi koyo daga gare shi.

Hannu da yawa, da abin da ya bari

Da ayyuka suka yi masa yawa, sai matakan nan suka zama hanyar raba aiki. Shi ke zane da samfuri, ƙwararru su sassaƙa, ya zagayo ya duba ya gyara. A maɓuɓɓugar ruwa ta Koguna Huɗu da ke dandalin Navona, wadda aka buɗe a 1651, manyan siffofin nan huɗu masu wakiltar Nilu da Ganges da Danube da Río de la Plata duk wasu ne suka sare su bisa samfurinsa. Na Nilu an rufe masa kai da mayafi saboda Turawan lokacin ba su san mafarin kogin ba. Haka mala'iku 10 na gadar Sant'Angelo: biyu kawai ya sassaƙa da hannunsa, su ma aka ga sun fi ƙarfin a bar su a rana da ruwan sama, yau suna cikin cocin Sant'Andrea delle Fratte. Da wannan tsari ne mutum ɗaya ya iya barin rumfar tagulla mai tsawon kusan mita 29 a cikin San Pietro, da ginshiƙai 284 da suka rungume dandalin da ke gabansa.

Bayan mutuwarsa yayi ya juya. Masana ƙarni na 18 irin su Johann Winckelmann sun fi son natsuwar sassaƙen Girkawan dā, suka ɗauki aikinsa a matsayin wuce gona da iri. Sai a ƙarni na 20 darajarsa ta dawo sosai, musamman bayan littafin da Rudolf Wittkower ya wallafa a kansa a 1955, har Italiya ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta lira 50,000.

Har yau ana fasa dutse a Carrara, sai dai da waya mai lu'ulu'u ake yanka shi, kuma a wasu ɗakunan aiki na'ura mai bin umarnin kwamfuta ce take saran farko. Jerin matakan kuwa bai sauya ba. Ana fara duba wuri, a yi zane, a gina samfuri, a auna, sannan a sari dutse, kuma fuska da yatsu har yanzu hannun mutum da magagari ne suke ƙarasa su. Duk mai koyon wata sana'ar hannu yana da rabo a wannan tsari: ya yawaita gwaji a inda gyara yake da sauƙi, ya san wurin da aikinsa zai zauna kafin ya fara, kuma idan ya zama maigida ya riƙa faɗin sunan waɗanda suka taya shi.